Gem ɗin da ƙaninka ke kwana a kai, kai yana sa ka gyangyaɗi: yadda ake zaɓen wasa mai buɗaɗɗiyar duniya

Tambaya daga Jidda: Assalamu alaikum. A gidanmu PS5 ɗaya ce da laftof ɗaya. Ƙanena ɗan shekara 22 ba ya gajiya da GTA V, ɗana mai shekara 10 kuwa ba shi da magana sai Minecraft. Ni na sayi Red Dead Redemption 2 saboda yabon da ake yi masa, barci ya riƙa ɗibata. Na sayi Elden Ring, wani mai doki ya yi ta kashe ni tun a bakin ƙofa, na ajiye. An ce mini duk iri ɗaya ne, masu buɗaɗɗiyar duniya. Yaya zan gane wanda ya dace da ni kafin in sake zubar da riyal? Bayan Isha'i nake samun kamar awa ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya ce maka iri ɗaya ne bai yi maka adalci ba. Abin da ya haɗa wasannin nan huɗu kawai shi ne ba a kulle ka a lungu guda ba, kana iya juyawa gabas ko yamma. Daga nan kowanne ya kama gabansa. Girman taswira, wanda shi ake tallatawa a bayan kwali, shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Abin da ke sa mutum ya manne wa gem ko ya jefar da shi abu uku ne: wa ke ba ka aikin yi a ciki, me kake asara idan ka mutu, sannan zama ɗaya yana cin minti nawa kafin ka ji ka yi wani abu.

Mu fara da wanda ke ba da aiki. A GTA V, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2013, da Red Dead Redemption 2 na 2018, gem ɗin ne mai gida. Duniyar a buɗe take, amma da ka shiga mishan sai ta tsuke: a ce ka bi wannan hanya, ka tsaya nan, ka harbi wancan. Ka kauce kaɗan, a rubuta maka ka faɗi, a mayar da kai baya. Masu son labari wannan bai dame su ba. Amma ka lura da ƙanin naka wani dare, da wuya ka same shi yana bin labarin jaruman wasan guda uku. Yawancin waɗanda suka daɗe a GTA V sun gama labarin tuni, abin da ya riƙe su shi ne ɗaukar mota, tsokanar 'yan sanda har tauraro biyar (matakin ƙarshe na farautar da suke yi maka), tsere, ko shiga GTA Online da abokai. A minti biyar an yi dariya, an yi hatsari, an sake farawa. Wasa ne mai biya nan take.

Red Dead kuwa kamfani ɗaya ne ya yi su, amma da gangan aka rage masa gudu. An kafa shi a Amurka ta 1899, kuma komai sai ka ga an yi shi a gabanka: buɗe durowa, feɗe dabba, goge bindiga, ciyar da doki. Babin farko a cikin dusar ƙanƙara yake, yana cin sa'o'i biyu ko fiye, kuma a nan ba ka da 'yancin zuwa ko'ina. Mai awa ɗaya bayan Isha'i zai yi dare biyu ko uku bai ga buɗaɗɗiyar duniyar da aka yi masa alkawari ba. Idan a nan ka tsaya, ba ka ga gem ɗin ba tukuna. Ka daure har babi na biyu, inda sansani ya koma kusa da garin Valentine. A can ka buɗe littafin kuɗin sansani, ka biya dala 220 na gyaran tantin shugaba, sannan dala 325 na taswirar da ke kusa da makwancinka, ita ce ke buɗe tafiyar gaggawa. Akwai jirgin ƙasa da keken doki na haya su ma. Idan kuma kana kan doki, ka sa alama a taswira, ka kunna kyamarar kallo, dokin zai bi hanya da kansa. In ka yi duk wannan, ka yi farauta sau biyu, ka shiga gari, har yanzu kana hamma, to ka sayar da faifan. Jinkirin shi ne kayan da suke sayarwa, ba ya raguwa a gaba.

Akwai wani reshe na masu ba da aiki, salon kamfanin Ubisoft. Ka hau wuri mai tsayi, taswira ta cika da alamomi, kowace alama aiki ce ƙarama da ke ƙarewa a minti goma ko sha biyar. Masu raina wannan salo suna da yawa a intanet, suna cewa aikin ofis ne aka sa wa riga. A ganina sun manta da mutum irinka. Wanda ya wuni a wurin aiki, ya dawo yana son ya kammala abu uku ya kwanta, wannan salon nasa ne. Illarsa maimaici: sansanin abokan gaba na ashirin kamar na biyu yake. Shi ya sa gajere ya fi. Assassin's Creed Mirage na 2023 an kafa shi a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, ƙarni na 9, gari ɗaya ne da kewayensa, labarinsa bai cika wuce awa 20 ba, kuma akwai muryoyin Larabci cikakku, wanda ga mazaunin Jidda ba ƙaramin daɗi ba ne. A ƙarshen 2025 an ƙara masa wani sashe kyauta da aka kafa a Al-Ula. Wansa Valhalla ya ninka shi tsawo sau uku ko fiye, kuma a nan ne mutane ke gajiya a tsakiya.

Yanzu mai dokin da ya kore ka. Wannan jarumin mai sulken zinariya an ajiye shi a bakin hanya ne domin ya koya maka darasi guda: ba duk abin da ka gani za ka yaƙa yanzu ba. Elden Ring, na kamfanin FromSoftware na Japan, 2022, ba ya rubuta maka jerin ayyuka, ba shi da zaɓin sauƙi ko wuya, yana barinka ka gane da kanka. Sauƙinsa a cikin duniyar aka ɓoye shi. Wajen zaɓen irin jaruminka a farko, ka ɗauki Vagabond ko Samurai. Da ka fito fili, ka durƙusa ka zagaye mai dokin ta cikin ciyayi har ka isa rusasshen ginin da ake kira Church of Elleh, inda ɗan kasuwa yake. Ka ci gaba arewa, kana taɓa wuraren hutun nan masu hasken zinariya. Idan ka huta a guda uku na fili, wata mata mai suna Melina za ta bayyana, ta ba ka damar ƙara ƙarfi da zoben kiran dokinka. Ka koma wurin ɗan kasuwan da dare, za ka sami wata mai hula babba ta ba ka ƙararrawar kiran kyarketai uku da za su riƙa taya ka faɗa. Daga nan kada ka bi hasken da ke nuna maka hanyar fada, domin babban abokin gaba mai suna Margit ke tsaye a can, kuma shi ne ya sa dubban mutane suka ajiye gem ɗin. Ka yi kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. Abokan gaba a can sun fi laushi, kuma a rusassun gine-ginen ibadar yankin akwai abin da ke ƙara ƙarfin kwalbar maganinka.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne zuba duk abin da suka tara a ƙarfin sara. Ka fara da Vigor, wato yawan jini, ka kai shi 20 da wuri, kana nufin 40 kafin tsakiyar wasa. Ƙarfin duka kuwa daga inganta makami yake zuwa, da duwatsun ƙira da ake samu a ramukan ma'adinai. Sannan ka san dokar asara: in ka mutu, kuɗinka na zube a inda ka faɗi, in ka sake mutuwa kafin ka ɗauka sun tafi har abada. Don haka kada ka shiga wurin da ba ka sani ba da aljihu cike. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, akwai daren da za ka yi awa ɗaya cur a kan dodo guda ba ka ci shi ba. Wasu wannan ne daɗin, ranar da suka kayar da shi har ihu suke yi. Wasu kuma su kwanta da ɓacin rai. Kai ka san wanne ne kai.

Zelda na Nintendo, Breath of the Wild na 2017 da Tears of the Kingdom na 2023, su ma ba sa jan ka da igiya, amma sun fi tausayi. Duk dutsen da ka hango kana iya hawansa in ƙarfinka ya kai, ruwan sama na sa santsi, ƙarfe a jikinka na jawo tsawa. Abin da ya raba kan masu buga su shi ne makamai na karyewa bayan ɗan amfani. Mai son tara kaya yana jin haushi, mai son gwada dabara ko a jikinsa. Ba sa kan PS5, sai da na'urorin Nintendo irin su Switch, don haka ba zan tsawaita ba. Abu ɗaya da uba zai so ya sani: ƙarin jini da ƙarfi a cikinsu a gaban mutum-mutumin wata allahiya ta labarin ake karɓa. Irin wannan yana cikin wasanni da yawa na almara, Elden Ring da Valheim ma cike suke da allolin ƙage, kowane gida da inda ya ja layinsa.

Ɗanka yana can ɗaya ƙarshen, inda babu mai ba da aiki sam. Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya kammala a 2011, Microsoft ta saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 300, kuma ba ya gaya wa kowa abin da zai yi. Kamar a ba mutum fili da bulo ne a ce ga shi nan: wani ya ga gida tun kafin a haƙa tushe, wani ya tsaya yana jiran a kawo masa zane. Yara sun fi shiga rukunin farko, shi ya sa manya ke cewa wasan yara ne, alhali abin da ya faru shi ne sun rasa mai ba su umarni. Ko a cikinsa ma 'yan wasa kala-kala ne. Akwai magina, waɗanda ke zama a Creative inda kaya ba sa ƙarewa kuma ba a mutuwa. Akwai masu haɗa injina da jan garin nan redstone, wanda wutarsa ke tafiya bulo 15 kafin ta mutu sai an sa abin sabunta ta. Yaron da ya kama wannan yana koyon tushen yadda lantarki da lissafin kwamfuta ke aiki bai sani ba. Akwai kuma masu Survival, masu son yunwa da dare da tsoro.

Idan kana son ka zauna da shi, kuma ina ba ka shawarar ka gwada, ga yadda daren farko yake. Yini da dare gaba ɗaya minti 20 ne, hasken rana kamar minti 10. Ka sari itace, kowane gungume na ba da katako 4. Katako 4 tebur ne na ƙira. Katako 3 da sanda 2 diga ce ta itace, da ita za ka fasa dutse, dutse 8 murhu ne. Gawayi ɗaya da sanda ɗaya na ba da tocila 4, in ba ka sami gawayin ƙasa ba ka ƙona gungume a murhu. Tumaki uku masu launi ɗaya su ba ka ulu 3, ka haɗa da katako 3, ka sami gado, gado kuma shi ke tsallake dare ya zama wurin farfaɗowarka. Dodanni a wuri mai duhu ƙirin suke fitowa, don haka ka haska cikin ɗaki da kewayensa. Babban mutum da ke buƙatar manufa sai ya ɗora wa kansa wannan tsani: ƙarfe, sannan lu'ulu'u, wanda tun sabuntawar 2021 ya fi yawa a can ƙasa wajen Y -59 (lambar da ke nuna zurfi) kuma sai da digar ƙarfe yake fita, sannan baƙin dutse obsidian guda 10 na ƙofar Nether, wato duniyar wuta ta wasan, har zuwa dodon ƙarshe. Kada ka haƙa ƙasan ƙafarka kai tsaye, narkakken dutse na jira. In ka mutu kayanka na zubewa, kuma suna ɓacewa bayan minti 5 idan kana kusa da yankin. Yaron da wannan ke sa shi kuka, a kunna masa zaɓin riƙe kaya a saitin duniyar, ko a mayar da wuya zuwa Peaceful, inda dodanni ba sa fitowa.

Nan akwai tarkon da ke kama gidaje masu na'ura biyu irin naku. Minecraft iri biyu ne, Java da Bedrock, kuma ba sa haɗuwa. Na PS5 Bedrock ne. Na Windows in ka saya ana ba ka duka biyun, amma in ana son laftof ta shiga duniyar da ke kan PS5, Bedrock za a buɗe, da asusun Microsoft a kowane ɓangare. Mafi sauƙi shi ne raba allo a talabijin, har mutum huɗu, kowa da hannunsa.

Tsakanin mai ba da aiki da mai barinka akwai 'yan tsakiya, kuma manya da yawa a nan suke samun wurin zama. Terraria, shi ma na 2011, a kwance yake kamar tsofaffin wasanni, ba ya wahalar da laftof, ana haƙa ana gini, amma akwai jerin manyan dodanni da ke ba tafiyar alkibla. Ginin ma da dalili: ɗaki mai bango, ƙofa, tebur, kujera da fitila shi ke jawo ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar jinya su tare. Valheim na 2021 yana ɗaukar har mutum 10, kuma gininsa na da doka. Katakon da ya yi nisa da tushe yana sauya launi daga kore zuwa ja, daga nan ya rushe. Wuta a ɗaki ba mafitar hayaƙi tana shaƙe ka. Ma'adinai ba sa bi ta ƙofar tsafi a saitin asali, sai an ɗauko su a jirgin ruwa, kuma wannan doka ɗaya ta isa ta raba abokai gida biyu: masu cewa tafiyar jirgin ce daɗin, da masu cewa ɓata lokaci ne.

Batun asara kuma, akwai rukunin da zan ce maka kai tsaye ka nisance shi. Rust da ARK a sabobin jama'a duniyarsu ba ta tsayawa don ka kashe na'ura. A Rust jikinka na nan kwance yana barci a cikin gidanka, wasu na iya fasa bango da tsakar dare su kwashe abin da ka tara mako guda. Gidan kansa yana cin kaya kullum, in ba ka zuba itace da dutse a akwatin kula da shi ba sai ya fara ruɓewa. Sannan a na kwamfuta, Alhamis ta farkon kowane wata ana share taswira, kowa ya koma tsirara da dutse a hannu. Masu son sa suna son sa ne saboda wannan fargabar, domin nasara a kan ɗan Adam ta fi nasara a kan kwamfuta zaƙi. Amma wasa ne na mai sa'o'i biyar a rana da abokai masu gadi, kuma zagin da ake yi a muryar cikinsa bai dace da falon da yaro ke zaune ba. GTA Online ma yana da ɗan wannan hali a zauren jama'a, inda wani zai tarwatsa kayan da ka ɗauko don nishaɗi kawai. Tun 2022 ana iya yin harkokin kasuwancin a zauren gayyata, ka gaya wa ƙanin naka in bai sani ba.

Na kyauta kuma a yi hattara. Genshin Impact na 2020 duniyarsa kyakkyawa ce, yana kan waya da PS5, amma an gina shi ne ya riƙa kiranka kullum, kuma sababbin jarumai ta hanyar jefa ƙuri'a ake samunsu. Tabbacin samun mai tauraro biyar sai a jefawa ta 90, kuma ko a nan rabi da rabi ne ya zama wanda kake nema. Kada katin banki ya kwana a asusun da yaro ke taɓawa.

Tun 1996 wani masani ɗan Ingila, Richard Bartle, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu son cim ma buri, masu son bincike, masu son hulɗa da mutane, da masu son fin wasu. Rabon ya tsufa kuma ba wanda ke zama a gida ɗaya tak, amma yana da amfani wajen gwada kai. Gwajin ba ya cin ko riyal ɗaya tunda kayan na gidanka. Ka karɓi hannu, ka buɗe GTA V a wajen mishan, ka ba kanka minti 30. In ka tsinci kanka kana buɗe taswira kana neman harafin mishan na gaba, kai mai son a ba ka aiki ne. In ka ɗauki mota ka nufi dutsen nan mafi tsayi na arewa don ka ga me ke samansa, bincike ne naka, kuma Elden Ring bai gama da kai ba. In gyaran mota da sayen kaya suka ɗauke maka hankali, ka gwada masu gini. In kuwa ka ji duk ba daɗi sai da wani a gefe, to matsalar ba ta gem ba ce, abokin wasa za ka nema.

Akwai abin da masu sharhin waje ba sa kawowa, mu kuwa ya shafe mu: in an kira salla ko an buga ƙofa, za ka iya ajiye hannu? Red Dead, Mirage, Zelda da labarin GTA V duk suna tsayawa cak. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayawa, ko ka buɗe jerin kaya duniya na tafiya, sai dai ka zauna a wurin hutu ko ka fita zuwa allon farko, yana ajiye maka inda kake. Duk abin da ake bugawa da mutane ta intanet ba ya jira. A Rockstar kuma ba a ajiye wasa da hannu a tsakiyar mishan, don haka kada ka fara dogo saura minti goma.

Wani lokaci abin da mutum ke kira gundura jiri ne. In kanka na nauyi ko zuciyarka na tashi bayan minti 20, musamman a wasan da kake kallo ta idon jarumi, ka shiga saiti ka kashe dishi-dishin motsi da girgizar kyamara, ka faɗaɗa kusurwar gani. A Minecraft tana zuwa a 60 ko 70, ka ɗaga ta zuwa 85 ko 90, ka kashe rausayar tafiya. In gem ya ba ka zaɓi tsakanin kyan hoto da santsin motsi, ɗauki santsi, hoto 60 a daƙiƙa ya fi 30 sauƙi ga ido. Ka bar fitila a kunne, ka ja baya daga talabijin.

Wajen saye, tunda ba ka tabbatar da ɗanɗanonka ba, faifai ya fi maka, domin ana sayar da shi a Haraj, kasuwar intanet ta kayan hannu, ko a yi musaya, na saukewa kuwa ya zauna maka. Shagon PlayStation na mayar da kuɗi cikin kwana 14 ne kawai idan ba ka fara saukewa ba. Shagon Steam a laftof ya fi sassauci: kwana 14, matuƙar ba ka buga awa 2 ba, sai dai ka ga yadda awa 2 ba ta isa a gane irin su Red Dead. Ƙasar asusun PlayStation ba ta canzuwa bayan an buɗe, kuma katin kuɗin da za ka saya a shagunan Jarir ko eXtra dole ya zama na ƙasar asusun. Mai asusun Amurka da ya sayi katin Saudiyya ya sayi takarda. Ƙarin sashe na gem shi ma yakan bi yankin faifan, faifan wani yanki da ƙarin wani yanki sau da yawa ba sa ganin juna. Wasan intanet a gem ɗin da aka saya yana buƙatar PS Plus, rajistar PlayStation da ake biya wa kuɗi, na kyauta ba ya buƙata.

PS5 ta farko an rubuta mata gigabait 825, amma abin da za ka iya amfani da shi kamar 667 ne, kuma irin waɗannan wasanni da yawa suna kaiwa 100 ko fiye kowanne. Red Dead na PS4 ne, don haka ana iya mayar da shi kan ma'ajiyar waje ta USB a buga shi daga can, na PS5 kuwa ajiyewa kawai ake yi a waje. Idan ƙanin naka na kukan ba ya iya shiga zauren abokansa, ku duba gwajin intanet a saiti. In ya nuna NAT nau'i na 3, wato layinku na toshe haɗuwa da wasu na'urori, wanda ya zama ruwan dare a gidajen da ke amfani da rutar 5G, shi ne sanadi, domin GTA Online na haɗa na'urorin 'yan wasa ne kai tsaye da juna. Kunna saitin UPnP a ruta na gyara wani lokaci, in kuma daga kamfanin layin ne sai an yi musu magana ko a koma fayiba. Zafi da ƙurar Jidda kuma ba sa raga wa na'ura: a bar mata aƙalla santimita 10 daga bango, kada a kulle ta a cikin kabad ɗin talabijin.

Lambar shekaru da ke kan kwali ba ado ba ce. GTA V sai a 2025 aka fara sayar da shi a hukumance a Saudiyya, da alamar shekara 21 zuwa sama. Red Dead da Mirage na manya ne su ma. Tunda talabijin ɗaya ce, ka buɗe wa yaron asusun yara a ƙarƙashin naka, ka sa iyakar shekaru, iyakar lokaci, kuɗin kashewa sifili, ka rufe hira da baƙi, sannan ƙanin ya sa lambar sirri a nasa.

In don ni ne, da awa ɗayan nan taka da abin da ka faɗa, zan ce ka fara da Mirage, ko Ghost of Tsushima na 2020, wanda aka kafa a lokacin harin Mongol kan Japan a 1274. Yana da matakan wuya da za ka sauya ko a tsakiyar wasa, iska ce ke nuna maka hanya maimakon tarin alamomi, kuma aiki ɗaya na ƙarewa a zama ɗaya. Wanda za ku riƙa miƙa wa juna hannu da yaron kuwa Forza Horizon 5 ne, tseren mota a Meziko, ya zo PS5 a 2025, an yarda da shi tun daga shekara 3, kuma in ka daki bango akwai maɓallin mayar da lokaci baya. Ba ya raba allo, sai dai bi da bi. Elden Ring kada ka sayar tukuna, ka ba shi dare uku ta hanyar kudun da na zayyana, in ka dawo Margit ya faɗi a hannunka ka san naka ne, in kuma har lokacin ranka na ɓaci, ka sa shi a Haraj tare da Red Dead.